Lissafin kayan rufi: ka auna kafin ka tafi kasuwa

A sabbin unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, irin su Kamazo da Mahuta da Gonin Gora da bayan Unguwar Romi, ido ya saba da ganin gini ya kai linta ya tsaya. Wanda kuɗinsa ya ƙare tun a bulo, uzurinsa a fili yake. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da ya tara kuɗin rufi, katako ya hau, kwano ya rufe ɓangare guda, sai kaya suka yanke. Kafin ya sake haɗa wani abu farashi ya motsa, ruwan farko kuma ya sauko ya tarar da sauran katakon a buɗe. In ka bi diddigi, kusan kullum za ka tarar a tsaye aka yi lissafin, da baki: "Ɗaki uku da falo ai bandir shida ya isa, maigida." Maigida ya amsa, don bai san ta inda zai kama musu ba.

Yawan ɗaki ba ya faɗa maka yawan kwano. Gida biyu masu ɗaki uku-uku kan bambanta da bandir uku ko huɗu, saboda faɗin ginin da tsayin da aka ɗaga rufin da yawan kusurwoyinsa ba ɗaya ba ne. Lissafin kuwa bai fi ƙarfin wanda ya iya tarawa da rabawa ba. Abin da kake bukata shi ne tef na awo, da littafi, da wanda zai riƙe maka bakin tef, da safiya guda.

Ka auna ginin daga waje, bango zuwa bango, ba cikin ɗakuna ba. Ko kana da zanen da hukumar KASUPDA ta amince da shi, ka ɗauke shi a matsayin jagora kan siffar rufin kawai, domin magini kan ƙara inci shida nan ya rage huɗu can, kuma abin da ke tsaye a ƙasa shi za a rufe. Ka auna tsawo ta gaba da ta baya, faɗi ta dama da ta hagu, sannan ka ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta gicciye, sau biyu. In awon gicciyen biyu bai zo daidai ba, ginin ya karkace, kuma fallen ƙarshe na kowane layi sai an yanka shi a karkace. Wannan ya fi shafar masu sabunta rufin tsofaffin gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa, waɗanda aka gina wa ma'aikata tun zamanin da masaƙar KTL ta buɗe a 1957, da waɗanda suka biyo bayan zuwan kamfanin Peugeot a 1975. Yawancinsu ɗaki-ɗaki aka riƙa ƙara su, kowane da magininsa. A irin wannan gida kullum ka ɗauki awon da ya fi girma.

Bari mu ɗauki gida mai ƙafa 40 a tsawo, ƙafa 30 a faɗi, rufi mai zuba biyu, gaba da baya. Rufi ba ya tsayawa a kan bango, sai ya fita ya kare shi daga feshin ruwa. Ƙafa 2 ta kowane gefe ita ce fitar da aka saba yi, kuma a garin da ruwan shekara ke haura milimita 1,000 ban ga dalilin rage ta ba. Tsawon rufinmu ke nan ya zama ƙafa 44.

Abu na biyu shi ne gangara, kuma a nan ne lissafin baki ya fi faɗuwa. Kwano yana bin rafta ne, rafta kuwa a kishingiɗe take, don haka ta fi rabin faɗin gidan tsawo. Ka tambayi kafinta ƙafa nawa zai ɗaga tsakiyar rufin, wato tsayin kin fos. A ce ya ce 8. Ka shiga falo ka tsaya a kusurwa, ka auna ƙafa 15 a jikin bango ɗaya, wato rabin faɗin gidan, ka yi alama da gawayi. A jikin ɗaya bangon ka auna ƙafa 8, ka yi alama. Ka ja tef tsakanin alamomin biyu: ƙafa 17 cif za ka gani. Tsawon rafta ke nan daga ƙololuwa zuwa bango. Fitar bakin nan ta ƙafa 2 ita ma a gangare take, sai ta zama ƙafa 2 da inci 3. Jimla ƙafa 19 da inci 3.

Ka sake wannan awo da tsayi daban-daban ka ga abin da kwalliya ke ci. Dogayen rufin nan da ake yayi a Barnawa da Narayi, masu tsini sama, in aka ɗaga kin fos ƙafa 15 a kan wannan gida namu, kwano da katakon gicciye za su ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma iska ta sami babban wurin kamawa. Wanda ke da hali kuma yana so, ya yi, amma ya san da sani ya saya. Kwantar da rufi sosai don tsimi shi ma yana da nasa haraji: ruwan Agusta in ya zo da iska yakan koma sama ta mahaɗin kwano ya ɗigo a silin. In dole sai rufin ya kwanta, to sai an ƙara hawan kwano a kan juna daga inci 6 zuwa 9 ko ƙafa guda, abin da aka rage a katako ya koma kan kwano.

Yanzu kwanon bandir. Bandir falle 20 ne, kowane falle tsawonsa ƙafa 6. Abin da za ka riƙe shi ne girman da ka saya daban, girman da ke rufewa daban. Falle yana hawa kan ɗan'uwansa ta gefe, kunya ɗaya da rabi ko biyu, yana kuma hawa kan na ƙasansa da inci 6. Kada ka karɓi wannan a bakin kowa. A shago ka sa a shimfiɗa falle biyu a ƙasa, a ɗora su yadda kafinta zai ɗora, ka auna daga bakin na farko zuwa bakin na biyu. Yawanci wajen ƙafa 2 za ka samu, amma kamfanoni sun bambanta, kuma inci biyu a kowane falle ya isa ya cinye bandir guda a babban gida.

Da faɗin ƙafa 2, tsawon ƙafa 44 zai ɗauki falle 22 a jere. Daga ƙasa zuwa sama kuma, falle uku da suka hau juna suna rufe ƙafa 17, saura ƙafa 2 da inci 3. A nan akwai zaɓi biyu. In kafinta ya ɗora cikakken falle na huɗu ya bar rarar ta shige ƙarƙashi, layi huɗu ke nan sau 22 sau ɓangare biyu, falle 176, kusan bandir tara. In kuwa ya raba falle biyu, kowane rabi ya cike layin sama, uku da rabi za su rufe ƙafa 19 da inci 6, har da ɗan leɓen da ruwa zai ɗiga ta kansa. Jimla falle 154. Bambancin falle 22 ne, ya fi bandir, kuma ba komai ya kawo shi ba sai almakashi da haƙurin kafinta. Ku yi wannan magana tun kafin a sayi kaya, tun ran gini ran zane.

Ƙololuwa na bukatar murfi. Ƙafa 44 za ta ci guda 8 masu ƙafa 6. Wasu na sayen wanda aka riga aka lanƙwasa, wasu kafintoci kuma kan tsaga falle a tsaye su fitar da biyu, wato ƙarin falle 4. Mun kai 158 ke nan, bandir takwas kuwa 160 ne. Rarar falle biyu ta yi kaɗan, domin wani zai lotse a mota, wani a yanka shi ba daidai ba. Ka sayi bandir takwas da falle biyar a ware.

Duk wannan na rufi mai zuba biyu ne. Mai zuba huɗu, in gangarar ɗaya ce, faɗin da za a rufe bai canza ba, amma kowace kusurwa sai an yanka kwano a gicciye, guntayen kuma ba duka ke moruwa ba. Ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, gidanmu ya koma bandir tara, sannan ka lissafa murfin kusurwoyi huɗun. Gida mai siffar L ko mai baranda da ta fito gaba, ka raba shi murabba'i-murabba'i a takarda, ka lissafa kowane shi kaɗai, ka tara. Duk inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, akwai kwanon kwari da za a shimfiɗa a ƙasa, kuma a nan ne yoyo ya fi farawa, don haka kada a yi masa ƙoro.

Dogon kwanon alminiyam lissafinsa da mita ake yi, kuma ya fi sauƙi tunda falle guda ke tafiya daga sama har ƙasa. Raftarmu mita 5.9 ce, tsawon rufin mita 13.4. In faɗin da ke rufewa santimita 90 ne, falle 15 a kowane ɓangare, 30 gaba ɗaya, mita 177. In mita guda yake rufewa, falle 28. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: farashin nan na faɗin ƙarfen kafin a matsa masa kunya ne, ko na abin da zai rufe? Ta biyu ita ce kauri. Ana sayar da milimita 0.45 da 0.55 da 0.7, kuma ido ba ya rabe 0.45 da 0.55. Ka sa a auna da ma'aunin kauri a gabanka, a wurare biyu ko uku. In babu, sikeli ya wadatar: alminiyam mai kaurin 0.55, mita ɗaya murabba'i kusan kilo ɗaya da rabi ne, mai 0.45 kuwa kilo 1.2. Falle mai mita 5.9 da aka yanko daga naɗi mai faɗin mita guda zai yi kilo 8.8 in 0.55 ne, kilo 7.2 in 0.45 ne. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu kuma. Ba ya kama alminiyam, in ya manne to ƙarfe ne aka yi wa fenti, wanda shi ma yana da amfaninsa amma ba a wannan farashin ba.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa a dogon kwano: kada a yanka maka shi sai katako ya gama hawa, an hau an auna kowane ɓangare. Abin da inji ya yanka ba ya komawa, kuma falle 30 da suka gaza da inci huɗu asara ce babba.

Masu son kwanon nan mai yashi a jiki, wanda kowa ke kira Gerard ko na wane kamfani ne, su lissafa ɗan fiye da guda biyu a kowace mita murabba'i. Rufinmu wajen mita murabba'i 158 ne, wato kusan guda 340 kafin ƙarin yanka. Su kuma sani katakon gicciyensa kusa-kusa ake jera shi, tazarar santimita 37, don haka zai ninka na kwanon bandir.

Katako shi ne inda maigida ya fi sakin linzami, alhali shi ma ƙirge yake. Tsawon da aka saba sayarwa ƙafa 12 ne, amma ka sa tef, domin sau da yawa ba ya cika, kuma bakinsa kan tsage sai an datse. Ni a ƙafa 11 nake lissafa kowane guda. Ana jera saitin rafta ƙafa 4 tsakani, gida mai ƙafa 40 zai ɗauki 11, wato goma da ƙarin ɗaya na rufe baki. Wannan ɗayan mutane kan manta da shi. Kowane saiti na da tai bim da ke ratsa faɗin gidan, tu-bai-siks guda uku tare da haɗi, da kin fos guda. Huɗu sau 11, tu-bai-siks 44. Rafta biyu, kowace tu-bai-fo biyu, da wajen uku na tokare-tokaren ciki: bakwai sau 11, tu-bai-fo 77. Katakon da ke kwanciya a kan bango, kewayen gidan ƙafa 140 ne, guda 13, ka ƙara na bangayen ciki da tai bim zai huta a kansu.

Katakon gicciye da ake buga kwano a kansa, tu-bai-tiri ya fi tu-bai-tu aminci, musamman da yake kafinta zai taka shi. Kowane mahaɗin kwano sai ya sauka a kan guda, sannan guda a tsakiyar kowane cikakken falle, guda a bakin rufi, guda a ƙololuwa. Layi 8 ke nan a ɓangare, 16 gaba ɗaya, sau ƙafa 44, ƙafa 704. Raba da 11, guda 64, ka sayi 70. Allon baki mai faɗin inci 12 da ke kewaye rufin, ƙafa 165 ne idan an haɗa da gefunan gangara, guda 15. Katakon silin lissafinsa daban ne, kada ka bari a cakuɗa shi da wannan, in ba haka ba ba za ka san inda kaya suka shiga ba. Waɗannan adadi na gida ne madaidaici mai bangaye a ciki. Babban falo marar ginshiƙi, ko ɗakin taro, ko coci ko masallaci, wannan aikin injiniya ne, a nemi shi.

A kasuwar katako, ko a Panteka ka tsallaka ko a rumfunan da ke nan gefenmu, ka zaɓa da hannunka. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, kuma in ya bushe a sama zai murɗe ya saki ƙusa. Ka ɗaga baki ɗaya ka kai ido ka duba miƙewarsa. Farin katako mai laushi a bar shi wa silin, jan katako mai ƙarfi shi ke ɗaukar rufi. Gara kuwa ba ta raina jar ƙasar Chikun, don haka maganin gara yana cikin lissafi tun farko. A shafe kowane katako a ƙasa kafin ya hau, fuska huɗu, a kuma sake shafa duk bakin da zarto ya yanka. Fesa shi bayan an gama bugawa ba ya kai wa mahaɗai, nan ne kuma gara ke shiga.

Sai ƙananan kaya, waɗanda su ne ke riƙe da rufin gaba ɗaya. Ƙusa mai hula, in aka buga huɗu a kowane falle a kan kowane layi, 16 sau 22 sau 4, kusan 1,400. Ka sa a auna maka kilo guda ka ƙirga, sai ka san kilo nawa kake bukata, ka ƙara kaɗan domin bakin rufi da ƙololuwa da kusurwoyi sun fi son ƙusa kusa-kusa. A kan kunya ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Na alminiyam kuma mai roba a wuya ake sa masa. Ƙusar katako inci 4 da inci 3, har da inci 5 na manyan mahaɗai, ka bar kafinta ya faɗi kilo, amma ka rubuta.

Wanda ya zauna a garin nan ya san iskar Afrilu da Mayu, wadda ke rigan hadarin gabas isowa. Ba ta cika tsinke kwano falle-falle ba, takan ɗauke rufin ne ɗungurungum da katakonsa ta ajiye a kan titi ko gidan maƙwabci, saboda ba a ɗaure shi da bango ba. Ɗaurin nan da langalanga ake yi, ko siririn rodi da aka binne a cikin kankaren saman bango tun ranar zuba shi. Kowane saiti a ɗaure shi baki biyu, wuri 22 a gidanmu, kowane wajen ƙafa 3, da ƙari a bangayen ciki. Kuɗinsa bai kai na bandir guda ba. In ginin naka bai kai ga kankaren sama ba tukuna, ka gaya wa magini yau ya bar maka waɗannan wutsiyoyi. In ya riga ya wuce, a huda bulo layi biyu ko uku daga sama a zagayo da langalanga. Duk abin da za a rage a lissafi, ban da wannan.

Ka yi tunanin inda ruwan zai sauka. Rufi kamar namu yana zubar da sama da lita 139,000 a shekara. A unguwanni masu cunkoso irin Television da Sabon Tasha, inda katanga ke jingine da katanga, wannan ruwa in ba ka yi masa hanya ba gidan maƙwabci zai nufa, kuma haƙƙi ne. Indararo da bututunsa su shiga takarda. Mai son ɓoye rufinsa a bayan bango ya lissafa siminti da rodi da abin hana yoyo na magudanar kankare, ya kuma sa bututu masu faɗi fiye da yadda yake zato, domin ganye da leda na toshe ƙanana.

In ka gama naka lissafin, kada ka nuna wa kafinta tukuna. Ka ce, "Malam, rubuta mini naka a takarda, kowane kaya da yawansa, kuɗin aikinka daban." Sannan ku zauna ku gwama. In ya ce tu-bai-fo 90 kai kana da 77, ka tambaye shi ina sha ukun za su shiga. Mai yiwuwa yana da amsa mai kyau, kamar ƙarin tokare da zai hana saitin kwanciya, sai ka gyara naka. Kafintan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, yakan ma ji daɗin samun maigidan da ba zai zarge shi ba in kaya suka ƙare daidai.

Farashi ka ɗauko shi a makon da za ka saya, a shago uku, ka haɗa da kuɗin mota da na 'yan dako. Falle mai kusan mita 6 ba ya shiga a-kori-kura ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma layukan sabbin unguwanni da ba su da kwalta ba kowace mota ke shiga ba a tsakiyar damina. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin rufi. In kuɗinka bai kai ga katako da kwano tare ba, kada ka ɗora katako ya yi damina a buɗe, gara ka jira. Ranar da kaya suka iso ka tsaya a ƙirga a gabanka, a kwance bandir ɗaya ko biyu a ƙidaya fallayen. A ajiye kwano a kan katako nesa da ƙasa da siminti, a rufe shi, domin in ruwa ya shiga tsakanin fallayen da ke jibge yakan yi farin tsatsa tun bai hau ba. Mai kwano mai launi ya sayi nasa gaba ɗaya lokaci guda tare da rarar falle biyu ko uku ya adana, saboda launin da zai samu bayan wata shida da wuya ya zo daidai da na farko.